Filin Tambaya Da Amsa: In Aka Kawo Wa Duniya Yaƙi Daga Sama, Wa Zai Ji Jiki?

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na yi subutar baki a fitowar da ta wuce na ce yaƙin sararin samaniya da muke gani a fina-finai yawancinsa shaci-faɗi ne, saƙonni suka hana wayata sakat, wasu tambaya wasu kuma faɗa suka zo yi. Na tsamo guda biyar. Har yau dai ba a taɓa gwabzawa tsakanin wata duniya da wata ba, don haka abin da zan kawo lissafi ne da na jingina da abubuwan da suka faru da gaske.

TAMBAYA: Malam, musu muka yi a ɗaki har kusan asuba. Ni na ce wanda ya zo da jiragensa ya tsaya a sama shi ke da nasara tun kafin a fara, abokina ya ce a'a, mutanen ƙasa ne za su ci. Dan Allah raba mana gardama. (Wani ɗalibi, Samaru, Zariya)

AMSA: Ƙanena, da kai da abokin naka kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta akuyar. Ka ɗauka duniya rijiya ce mai zurfi, mu muna can ƙasa inda ruwa yake, maharin kuma yana tsaye a bakinta. Shi in zai jefe mu tsakuwa kawai zai tura ta gangaro, mu kuwa in za mu rama sai mun cilla sama da iya ƙarfinmu. Kafin abu ya kuɓuce wa jan duniya gaba ɗaya sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa ɗaya, a daƙiƙa fa na ce ba a minti ba, kuma duk abin da ya faɗo daga can nesa da aƙalla wannan gudun yake shigowa. Yanzu ga inda abin yake ba da tsoro: abu in ya kai gudun kilomita 3 a daƙiƙa, dukan da zai yi ya kai fashewar nakiya mai nauyinsa, ba sai an ɗura masa albarushi ko ɗigo ba. A gudun kilomita 11 kuwa dutse mai tan ɗaya yana ɗauke da ƙarfin nakiya wajen tan 14. Kenan maharin ba ya buƙatar bam, duwatsu ne birjik suna yawo tsakanin duniyoyin Mars da Jupiter, nasa kawai ya zaɓa. Mu da muka haddace Alam tara kaifa tun muna makarantar allo ai ba sai an yi mana dogon bayani kan jifa daga sama ba.

Ranar 15 ga Fabrairu 2013 wani dutse da bai wuce mita 20 ba ya tarwatse a saman garin Chelyabinsk na Rasha, ƙarfinsa ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 30, mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawanci gilasan taga ne suka yanke su don sun leƙo kallon hasken sai iskar ta biyo baya. Wannan fa ba wanda ya saita shi. A nan kai ke da gaskiya.

To amma abokinka ma ba shirme ya faɗa ba. Na farko iska garkuwa ce, ƙananan duwatsu cinye su take ko ta karya musu gudu. A 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin lardin Katsina, kusa da wani manomi da ke korar hankaki a gonarsa, daga baya masana suka tabbatar ɓallowa ya yi daga duniyar Mars, amma duk wannan doguwar tafiya ramin da ya yi bai kai mita ɗaya ba. Don haka mahari sai dai ya jefo ƙato, ƙato kuma ba ya zaɓen barikin soja ya bar asibiti.

Na biyu, jirgin da ya matso kusa ya shiga kewaya duniya ya zama kamar jirgin ƙasa a kan dogo, kowa ya san inda zai bi da ƙarfe nawa zai wuce. Tashar 'yan sama jannati da ke nisan kilomita 400 tana zagaye duniya duk minti 90, gudun da in ka auna shi Kano zuwa Kaduna daƙiƙa 30 ne. Mai karewa ba ya buƙatar ya kamo wannan gudun, abin da zai yi kawai ya cilla buhun ƙusoshi daidai tsayin hanyar, jirgin da kansa zai zo ya afka musu da gudunsa. An ma gwada irin haka: a Janairun 2007 China ta harbo wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi daga ƙasa, Amurka ta yi nata a 2008 daga kan jirgin ruwa, Indiya a 2019, Rasha a 2021. Sannan kar ka ɗauka wanda ke kewaye sakin bam zai yi ya faɗo kamar daga jirgin sama, in ya saki abu tare za su ci gaba da zagayawa, sai ya ƙona mai ya rage masa gudu tukunna ya sauko.

Na uku, wanda ni a wurina ya fi duka nauyi, mai gida yana gida. Yana da masana'antu, yana da teku da ta rufe kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa inda jiragen nutso za su ɓuya, yana da tsaunuka (Amurka tana da cibiyar soja a ƙarƙashin dutsen Cheyenne, wajen mita 600 na zallar dutse a kanta). Shi kuwa baƙo duk harsashin da ya harba ya tafi kenan, sai an kawo masa wani daga tafiyar watanni ko shekaru. In rugurguza duniyar ake so ka ci musu, in kuwa kama ta ake so da mutanenta da dukiyarta, ba abokinka kuɗin shayinsa.

TAMBAYA: Wai ba za su iya lallaɓowa cikin duhu ba tare da an gan su ba? Ai sararin nan baƙi ne ƙirin kuma ba iyaka. (Wani mai gyaran waya, Maraɗi)

AMSA: Ɗan'uwa, duhun nan ido yake ruɗa, bai ruɗar na'ura. Matsalar zafi ce. Na taɓa hawa wata tsohuwar mota zuwa Funtuwa, duk tafiyar rabin awa sai direba ya faka ya buɗe bonet, yaron mota ya kwance ledojin ruwa yana tuttula wa lagireto, tururi na tashi kamar ana turara dambu, mu muna gefe muna Allah ya isa a zuci. Wannan motar fa tana da iska da ke bugun ta tana da ruwa. Jirgin da ke sarari ba shi da ko ɗaya. Mutane suna cewa ai can sanyi ne, eh sanyi ne har digiri 270 ƙasa da sifili, amma babu iskar da za ta kwashe maka zafin. Dubi filas ɗin shayi, abin da ya sa yake riƙe zafi tun safe har la'asar shi ne an zuƙe iskar da ke tsakanin bangwayensa biyu. To jirgin yaƙi a sarari shayi ne a cikin filas, ga injin nukiliya ga kwamfutoci ga jikin mutane duk suna ƙara wuta. Hanya ɗaya gare shi, ya baje manyan fukafukan lagireto su riƙa fitar da zafin a matsayin haske wanda ido ba ya gani amma madubin hangen zafi yana gani tar, kamar fitilar mai shayi a tsakiyar daji. Kuma fukafukan nan su ne lagonsa, sirara ne, an huda su jirgin ya dahu da mutanensa.

Wannan ma shi ya sa a faɗan leza, wato bindigar da ke harba haske mai ƙuna, mai ƙasa ya fi samun sauƙi ta wani ɓangaren, ya kafa bindigarsa a bakin kogi ya yi ta harbi ruwa na sanyaya masa, sai dai gajimare da ƙura suna rage masa kaifi, ranar da hazon hunturu ya sauka kam sai haƙuri.

Ga kuma batun birki. A sarari ba taya ba kwalta, in ka taho da gudu dole ka juya bakin rokarka ta kalli inda za ka, ka yi ta hura wuta kwana da kwanaki kafin ka tsaya, wato kana haska wa mutanen da ka zo yaƙa tocila a fuska. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 ya wuce nisan kilomita biliyan 24, na'urar aika saƙonsa ƙarfinta wat 23 ne kacal, bai kai tsohon ƙwan lantarkin nan mai wat 40 ba, kuma ana jin sa daga nan. Ina ga rundunar jirage ɗari?

Abin da ke iya lallaɓowa shi ne abin da ba ya numfashi ba ya taka birki, wato dutse mai sanyi. Wancan na Chelyabinsk ta ɓangaren rana ya ɓullo shi ya sa ba a hango shi ba, abin dariya ma a ranar masana sun zuba ido kan wani dutsen daban da aka san zai gifta kusa, sai ga wannan ya shigo ta bayan gida.

TAMBAYA: Me zai hana a harba musu nukiliya guda ɗaya kowa ya huta? (Wani tsohon soja, Kaduna)

AMSA: Ranka ya daɗe, nukiliya a can sama ba ita ce wadda ka sani a ƙasa ba. A ƙasa mafi yawan ɓarnar iska ce ke yin ta, bam ya tunkuɗa iska, iska ta rushe gini. Inda babu iska sai dai walƙiya da tururin guba, kuma ƙarfinsu na raguwa da sauri in aka ɗan yi nisa, jirage kuwa ba jeruwa za su yi kafaɗa da kafaɗa kamar faretin Jaji ba, tsakanin ɗaya da ɗaya sai a yi ɗaruruwan kilomita. Sannan kai mai harbin sai ka shafa wa kanka. A Yulin 1962 Amurka ta tayar da bam mai ƙarfin nakiya tan miliyan 1.4 a tsayin kilomita 400 a saman tekun Fasifik, fitilun titi wajen 300 suka mutu a Hawaii mai nisan fiye da kilomita 1,400, taurarin ɗan'adam da dama suka lalace a watannin da suka biyo. Lokacin taurarin 'yan ƙalilan ne. Yau dubbai ne, da su jirage ke gane hanya, da su ake hasashen damina, da su ake kallon ƙwallo. Yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1967 ta hana girke nukiliya a sararin samaniya, kodayake baƙon da ya taso daga wani tauraro ban ga alamar ya sa hannu ba.

TAMBAYA: Ina rubuta littafi a waya, ina sakin shi babi-babi a WhatsApp. Na kai inda rundunar wata duniya za ta sauko ta mamaye tamu amma na kasa gamsar da kaina. Sojoji nawa zan rubuta, kuma ta ina za su fara? (Wata marubuciya, Gombe)

AMSA: Malama, rashin gamsuwar nan taki ita ce alamar kina tunani, da yawa wucewa kawai suke yi. Mu fara da kuɗin mota. Rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 nauyinta a ƙasa wajen tan 2,900 ne, kusan duka mai, don a kai mutum uku, biyu su sauka su yi kwana ɗaya su juyo. Motar Perseverance mai tan ɗaya ta bar nan a Yulin 2020 sai Fabrairun 2021 ta sauka a Mars, kuma hanyar mai araha sai duk wata 26 take buɗewa. Yanzu ɗauko yaƙin Normandi na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 6 ga Yuni 1944, sojoji kusan 156,000 aka sauke a rana ɗaya da jiragen ruwa kusan 7,000, ɗan mashigin ruwa kawai suka tsallaka daga Ingila zuwa Faransa, kuma sai da aka shafe fiye da shekara ana shiri. Masu nazarin soja a Amurka suna da wani lissafi da suke yawan kawowa, cewa riƙe ƙasar da ba ta son ka yana cin jami'an tsaro 20 ga kowane mutum 1,000. Buga shi da mutum biliyan 8 ki gani, miliyan 160 ne, kowane da cikinsa da takalminsa da maganinsa, kuma in jikinsu ba irin namu ba ne ko tuwonmu ba za su iya ci ba. Saukar kanta ma wata azaba ce, jirgi na ratso iska wuta na lulluɓe shi har rediyonsa ta ɗauke na 'yan mintuna, ba ya iya kaucewa ba ya iya ɓuya, duk mai makami mai linzami a ƙasa yana kallon sa kamar tauraro mai wutsiya.

Kafin ma wannan ki tambayi kanki me suka zo nema. In ruwa ne, Europa, ɗaya daga watannin Jupiter, ana ƙiyasin ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙararta ya fi na tekunanmu duka, kuma ba mai gadi. In ƙarfe ne ga shi nan a duwatsun sarari ba sai sun sauka rijiya sun hauro da shi ba. Abin da babu a ko'ina sai nan shi ne rai, mutane, ƙasar noma, ko kuma wata tsohuwar gaba ta siyasa ko ta aƙida. Duk waɗannan kuwa dutse kashe su yake, kin ga hannun maharin ya ɗaure kenan, makaminsa mafi araha ba zai iya amfani da shi yadda yake so ba, mai karewa kuma ya san haka. Labarinki a nan yake wallahi, ba a harbe-harben ba.

Da ni ne ke da ƙawanya zan yi. Su tsaya can nesa wajen wata inda makaman ƙasa sai sun yi kwanaki kafin su isa, kuma jan wata kashi ɗaya cikin shida ne na namu, cillo dutse daga can ba wuya. Su fara kakkaɓe taurarin sadarwa, a wayi gari dish ya ɗauke, taswirar waya ta rikice, jirage su kasa tashi. Su jefa dutse ɗaya a tsakiyar hamada inda ba kowa, don a gani. Sannan su aiko manzo. Tarihinmu ma ya ba ki samfur: rundunar da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ba ta kai mutum dubu ba, yawancinsu ma baƙaƙen fata ne 'yan haya, igwa ta fasa ƙofa badala ta zama ado, Sarki Alu ya yi tafiya Sakkwato a lokacin. Da Turawa suka shiga ba su da mutanen da za su zuba a kowace unguwa, sai Lugga ya naɗa Abbas, aka ci gaba da karɓar haraji ta hannun hakimai da dagatai. Baƙinki haka za su yi, su nemo waɗanda za su yi mulki a madadinsu. Ki rubuta mana wanda ya karɓi rawanin da dalilinsa, da ƙanwarsa da ta ƙi gaishe shi tun daga ranar, da tafintan da ke rage magana in ta yi zafi. Kar kuma ki manta da jinkirin saƙo, ko daga Mars ne magana tana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ta iso, in daga tauraro mafi kusa ne shekara 4 da 'yan watanni, kwamandansu ba shi da wanda zai kira ya ce yallaɓai ya zan yi, shi ne wuƙa shi ne nama, kuma mutum irin wannan yakan fara tunanin me zai hana ya zama sarki da kansa.

TAMBAYA: To in sun jefo dutsen, akwai yadda za a tare shi ko sai dai salati? (Wata uwar gida, Kumasi)

AMSA: Hajiya, salatin dai a yi shi, amma akwai dabara in an gani da wuri. Ranar 26 ga Satumba 2022 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwara wani kumbo mai suna DART, nauyinsa bai fi rabin tan da ɗan wani abu ba, a jikin wani dutse Dimorphos mai faɗin wajen mita 160, a nisan kilomita miliyan 11 daga nan. Dutsen yana zagaya wani babbansa cikin awa 11 da minti 55, bayan karon sai zagayen ya ragu da minti 32. Canjin gudun da aka samu bai kai santimita ɗaya a daƙiƙa ba, tafiyar tururuwa ma ta fi shi, amma in saura shekara goma ko ashirin dutse ya iso, irin wannan ɗan zungurin yana taruwa ya sa ya wuce ta gefe. In saura mako guda kuwa, fasa shi ma ba lallai ya yi amfani ba, kin mayar da harsashi ɗaya ya zama na bindigar toka ne kawai.

Bambancin shi ne Dimorphos ba shi da mai shi. Dutsen abokin gaba zai zo da inji a maƙale yana gyara masa saiti, a shafa masa baƙi, a turo goma lokaci guda ta ɓangaren rana. Saboda haka tsaron duniya ba a bakin ƙofa ake yin sa ba, sai an baza na'urorin hange da jiragen tarewa can nesa, tafiyar watanni, kamar yadda garuruwan zamanin da suke ajiye ribaɗi a kan iyaka. Mai karewa dole ya tare duka, mai jifa ɗaya yake nema ya wuce.

Akwai kuma wata ɓarna da ko an ci yaƙin sai an biya. Harbin nan ɗaya na China a 2007 ya bar tarkace fiye da 3,000 da ake iya bibiya, da yawansu har yanzu suna sama, na Rasha a 2021 ya sa 'yan sama jannatin da ke tasha suka shige kumbunan dawowa suka zauna jiran tsammani. Tun 1978 wani masanin NASA, Donald Kessler, ya yi gargaɗin cewa tarkace in ya yi yawa zai riƙa karo da juna yana haihuwar wani. In aka farfasa jirage ɗari a saman kanmu, maharin ba zai iya matsowa ba, mu ma ba za mu iya fita ba, wataƙila har jikokinmu. Wasu marubutan ma da gangan suke sa mutanen duniya su watsa tsakuwa a sama su rufe kansu, kamar mai gida ya zuba fasassun kwalabe a kan katanga sannan ya toshe ƙofar da bulo yana ciki.

Mai tambaya kan ko aljanu za su shiga faɗan, na ga saƙonka, wannan sai ka kai wa shafin Malam na ranar Juma'a.